Ɗaki na Uku

Ni ce Genowefa, mai sharar ɗaki na uku.
Shekara ashirin da biyu na yi saƙa a ginin nan
tun yana masaƙa, tun injuna na ruri
har muka koyi karanta leɓen juna.
Yanzu an shafe shi da farin fenti,
an ce gidan nunin fasaha ne, a rage murya.

Jagoda ta zo da kaka, da buhunan filasta a bayan mota.
Mata arba'in na Lodz ta bi gida-gida,
kowacce ta kishingiɗa, ta yaye riga,
aka shafa, aka jira ya bushe,
aka ɗaga kamar murfin tukunya.

Ga su nan a rataye da zare
daga ƙarfen da ya taɓa riƙe injina.
Wani tulu ne, wani ƙwarya,
wani ya karkace kamar mai gyangyaɗi a jirgi.
Kowanne da 'yar fitila a ciki
da bugun zuciyar da aka naɗo a asibiti,
sauri-sauri, kamar yayyafi a kan kwano.
Idan an buɗe ƙofa, iska ta shigo,
sai su riƙa juyawa, suna ba juna baya.

A bakin ƙofa akwai rigar yashi, kilo tara,
an rubuta: maza, bismillah.
Jiya wani ɗalibi ya saka, abokai na ta shewa,
ya ɗauki hoto, ya turo ciki, ya yi tafiyar agwagwa.
Minti biyar, dariya ta ƙare.
Na ga hannunsa ya zarce ƙugu da kansa,
ba wanda ya nuna masa hanya.
Ya cire, ya rataye, ya tafi shan shayi.
Na ce a raina: ai abin da ƙugiya,
mu namu ba a rataye shi.

Masu gilashi suna zuwa da littafin rubutu,
suna cewa jiki, suna cewa jinsi, suna cewa sarari.
Ban hana su ba.
Ni dai na san daidai inda na ashirin da bakwai yake lilo,
nan injina yake, na aikin dare.
Wata bakwai gare ni, ina tsaye tun goma,
ƙurar auduga a hanci, ƙafa kamar turmi.
Shugaban aiki ya ce saura awa biyu, ki daure.
Na daure.
Wani ne ya goge daɓen a daren,
ban taɓa tambayar ko wane ne ba.

Ranar Talata fitilar na ashirin da bakwai ta mutu.
Sautinsa ma ya ɗauke.
Jagoda ta zo da tsani, da sabon ƙwai a aljihu,
jaririnta a goye a ƙirji, yana tsotsar igiyar makulli.
Na riƙe mata tsani, sai na ji bakina ya ce:
ki bar shi haka.
Ta dube ni daga mataki na uku,
ta dubi daɓe, ta sake dubana.
Ba ta ce me ya sa ba.
Ta sauko, ta mayar da ƙwan aljihu.

Yanzu mutane sun fi daɗewa a gabansa.
Wasu na neman bayani a bango, babu.
Wata tsohuwa ta tsaya har aka kaɗa ƙararrawa,
da za ta fita ta gyaɗa mini kai
kamar mun taɓa haɗa layin burodi.

Ƙarfe shida nake kashe sauran, ɗaya bayan ɗaya.
An ce da buroshi mai laushi ake kaɗe su.
Talatin da tara, da buroshi.
Shi kuwa da tafin hannu,
har sai filastar ta ɗan yi ɗumi.
Ludwik na jira a tasha da laima,
zai ce yau ma kin makara.